Shin Ko Kun San? Gidan da Ake Ƙerawa a Masana'anta a Kawo Maka a Kan Taya

A Amurka akwai gidan da ba ya jiran birkila, ba ya jiran a buga bulo. A masana'anta ake ƙera shi, a jawo shi da babbar mota, a girke shi a fili, iyali su tare. Shi ne gida mafi araha da mai ƙaramin ƙarfi zai iya mallaka a ƙasar ba tare da tallafin gwamnati ba. Ga kaɗan daga cikin labarinsa, tun daga arhar har zuwa inda gizo ke saƙa.

Shin ko kun san cewa mutum kimanin miliyan 22 ne ke kwana a irin waɗannan gidaje a Amurka? Wato a duk mutum 15, kusan ɗaya a ciki yake zaune. Sun fi yawa a karkara da jihohin kudu. Teksas ce kan gaba wajen sayen sababbi, sai irin su Filorida da Karolina ta Arewa. Mafi yawan mazaunansu ma'aikata ne masu ƙaramin albashi, da 'yan fansho, da ma'auratan da ke neman gidansu na farko.

Shin ko kun san cewa daga ciki ake fara ginin, a ƙare da waje? Da farko masu walda za su haɗa shasi, wato dogayen ƙarafan da gidan zai zauna a kansu. A kansa ake shimfiɗa daɓen katako, bayan an jera bututun ruwa da na ɗumama ɗaki a ƙarƙashi. Daga nan sai a tura aikin zuwa tasha ta gaba, inda wasu ma'aikatan ke jira. A nan za a ajiye bahon wanka da kabad ɗin kicin, a tsayar da bangayen da suka raba ɗakuna, duk tun babu bangon waje, don a shigar da manyan kaya ba tare da an yi fama da ƙofa ba. Can gefe kuma wasu kafintocin sun riga sun haɗa rufin ɗungurungum da silin ɗinsa. Injin ɗaga kaya ne zai ɗauko shi ta sama ya ɗora. Mai wayarin wuta ya yi nasa, mai fenti ya yi nasa, a gwada ruwa da lantarki. Cikin 'yan kwanaki gida ya fito ta ɗaya ƙofar masana'antar, wani lokaci har da labule da firji a ciki.

Shin ko kun san cewa kuɗin ƙera shi kusan rabin na gidan da aka gina a fili ne, idan aka auna faɗi da faɗi aka cire kuɗin filin? A 2022 matsakaicin farashin sabon gidan masana'anta ya kai wajen dala 127,000, yayin da matsakaicin farashin sabon gida na gini, har da filinsa, ya haura dala 500,000. Dalilan arhar a bayyane suke. Masana'anta sari take yi na katako da ƙusa da tagogi, don haka tana samun rangwamen da ɗan kwangila guda ba zai samu ba. Ruwan sama da dusar ƙanƙara ba sa tsayar da aiki, tunda a ƙarƙashin rufi ake yin sa. Babu ɓarnar kaya sosai, babu satar kayan aiki a wurin gini, kuma ma'aikacin da kullum taga yake sakawa hannunsa ya riga ya faɗa.

Shin ko kun san cewa faɗin titi ne ke yanke wa gidan girmansa? Mai ɓari ɗaya yakan kai faɗin ƙafa 14 zuwa 18, tsawonsa kuma ya kai ƙafa 80. Wanda ke son fiye da haka sai ya sayi mai ɓari biyu: a ƙera rabi da rabi, a lulluɓe buɗaɗɗen gefen kowanne da leda, a ja su daban-daban a kan hanya da motocin rakiya masu fitilar gargaɗi, sannan a haɗe su a wurin da za su zauna.

Shin ko kun san cewa ranar girka shi ake raba shi da tayoyinsa? Ma'aikata za su daidaita ƙasa, su jera ginshiƙan bulo a ƙarƙashin shasin, su yi ta aunawa har daɓen ya miƙe ɗoɗar, domin in ya karkata ko kaɗan ƙofofi ba za su rufu ba. Sai su murɗa dogayen turakun ƙarfe cikin ƙasa, su ɗaure shasin da su da ɗamarar ƙarfe. A kwance tayoyi da maƙalin da mota ta ja shi da shi, a kewaye ƙasan gidan da shinge don kada a ga ginshiƙan kuma kada dabbobi su shige, a jona ruwa da wuta, a kafa matakala a bakin ƙofa. Shi ke nan, sai shiga.

Shin ko kun san cewa asalinsa ɗakin yawon shaƙatawa ne? Wajen 1929 wani masanin ƙwayoyin cuta a birnin Detroit, Arthur Sherman, ya gaji da wahalar kafa tanti idan ya fita da iyalinsa, sai ya sa aka ƙera masa ɗan akwatin ɗaki a kan taya. Mutane suka gani suka so, ya buɗe kamfanin Covered Wagon. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, gwamnatin Amurka ta sayi dubban irin waɗannan tireloli ta zuba ma'aikatan masana'antun makamai a ciki. Bayan yaƙin sojoji suka dawo suka tarar da ƙarancin gidaje, tirela ta zama mazauni na dindindin ga iyalai da yawa.

Shin ko kun san cewa ƙarin ƙafa biyu kacal ne ya mai da tirela gida? Kafin 1954 faɗinsu bai wuce ƙafa 8 ba, don haka sai ka ratsa ta ɗakin kwanan wani kafin ka kai banɗaki. A shekarar ne Elmer Frey na kamfanin Marshfield Homes a jihar Wisconsin ya fito da mai faɗin ƙafa 10. Ƙafa biyun nan suka ba da damar yin ɗan lungu a gefe, kowane ɗaki ya samu ƙofarsa da sirrinsa. Sai dai motar gida ba ta iya jan sa, kuma sai da izini na musamman yake hawa titi. Tun daga nan ya daina zama abin yawo.

Shin ko kun san cewa shi kaɗai ne gidan da doka ɗaya ke mulkin gininsa a duk faɗin Amurka? Sauran gidaje kowace jiha ko ƙaramar hukuma da nata ƙa'idojin gini. Amma a 1974 majalisar dokokin ƙasar ta zartar da doka, ta ɗora wa Ma'aikatar Gidaje da Raya Birane, wadda ake kira HUD, alhakin tsara ƙa'ida guda kan ƙarfin gini da kariya daga gobara da wayarin da famfo. Ƙa'idar ta fara aiki ranar 15 ga Yuni, 1976. Shi ya sa masana'anta a Indiyana za ta ƙera gida ta sayar a wata jiha ba tare da ta sake zane ba, kuma wannan ma yana cikin sirrin arhar.

Shin ko kun san cewa kowane gidan da aka ƙera a kan wannan ƙa'ida na da jar lamba a bayansa? Ɗan farantin ƙarfe ne ja, inci 2 da inci 4, a maƙale a jikin kowane ɓari, shaidar cewa an duba shi a masana'anta. A ciki kuma, yawanci a kabad ɗin kicin ko kusa da akwatin wutar lantarki, akwai takardar da ke nuna ranar ƙira da irin iska da sanyin da aka yi gidan don ya jure. Mai sayen na hannu in ya san abin da yake yi, waɗannan biyun zai fara nema. Wanda aka ƙera kafin Yunin 1976 ba shi da su, kuma da wuya banki ya ba da bashi a kansa.

Shin ko kun san cewa Sears, kamfanin da ya shahara da sayar da kaya ta wasiƙa, shi ma ya taɓa sayar da gidajen da ake shirya kayansu a masana'anta? Daga 1908 zuwa 1940 ya sayar da kimanin 70,000. Mutum ya zaɓa a littafin talla, a aiko masa da katako yankakke da ƙusa da fenti a taragon jirgin ƙasa, kowane guntu da lambarsa, da littafin yadda ake haɗawa. Da yawansu na nan tsaye har yau.

Shin ko kun san cewa masana'antun jiragen yaƙi sun ƙera gidaje a Birtaniya? Bayan bama-baman Jamus sun rusa unguwanni, gwamnati ta samar da ƙananan gidajen masana'anta sama da 156,000 a shekarun farko bayan 1945, wasunsu na alminiyam daga masana'antun da a da ke ƙera jirage. An yi su ne don su yi kamar shekara 10. Mazaunan da suka samu banɗaki a cikin gida da ruwan zafi da firji a karon farko suka ƙi rabuwa da su, wasu suka shafe fiye da shekara 60 a ciki. A Japan kuwa, Toyota mai ƙera motoci ta shiga sana'ar ƙera gidaje tun 1975.

Shin ko kun san cewa an taɓa gwada abin a Yamai? A 1949 aka kafa wani gida na alminiyam da ƙarfe a birnin, wanda Bafaranshe Jean Prouvé ya ƙera a masana'antarsa a Faransa, da sassan da aka tsara yadda za su shiga jirgin sama na kaya. Rufinsa biyu ne, da kafar da iska mai zafi ke fita ta sama. An kafa wasu biyu a Barazabil a 1951, daga nan aikin ya tsaya, domin gidan ya fi ginin da magina ke yi a wurin tsada. Wajen 2000 aka kwance su aka mai da su Faransa, kuma a 2007 aka yi gwanjon ɗaya daga cikin na Barazabil a Niyok a kan kusan dala miliyan 5. A Kalaba ma, tsohon gidan gwamnatin mulkin mallaka da yanzu ya zama gidan tarihi, a Birtaniya aka ƙera shi aka kawo ta ruwa aka haɗa a 1884.

Shin ko kun san cewa guguwa ce ta sa aka ƙara wa gidajen tirela na Amurka ƙarfi? A watan Agustan 1992 mahaukaciyar guguwar Andrew ta afka wa kudancin Filorida, ta kwashe kusan duk gidajen tirela na garin Homestead. A 1994 HUD ta tsaurara ƙa'ida, ta kasa ƙasar shiyya uku. Gidan da za a kai shiyya ta biyu sai ya jure iska mai gudun mil 100 a awa, na shiyya ta uku mil 110. Da guguwar Charley ta zo a 2004, waɗanda aka ƙera bayan sabuwar ƙa'idar sun fi tsofaffin tsira nesa ba kusa ba. Duk da haka, ga guguwar nan mai murɗawa da ke addabar tsakiya da kudancin ƙasar, hukumar hasashen yanayi ta Amurka shawara ɗaya take bayarwa: a fita daga gidan tirela a nemi gini mai ƙarfi tun kafin ta iso. Sau da yawa ba bango ne ke fara cin amana ba, turakun da aka ɗaure gidan da su ne.

Shin ko kun san cewa kasuwar ta taɓa durƙushewa saboda bashi? A 1973 masana'antu sun fitar da gidaje fiye da 550,000. A 1998 sun fitar da kimanin 370,000, amma a lokacin kamfanonin bashi na ba kowa rance ba tare da duba ko zai iya biya ba. Da mutane suka kasa, aka yi ta ƙwace gidaje, na hannu suka cika kasuwa, farashi ya faɗi. Kamfanin Conseco, wanda ya sayi babban mai ba da irin wannan bashi, ya karye a 2002. Zuwa 2010 abin da ake ƙerawa a shekara ya koma kimanin 50,000. Sai a 2022 ya sake haura 110,000.

Shin ko kun san cewa kyautar littafi ce ta jawo attajiri Warren Buffett cikin sana'ar? A 2003 wasu ɗaliban Jami'ar Tennessee da suka ziyarce shi suka ba shi littafin tarihin rayuwar Jim Clayton, wanda ya kafa Clayton Homes. Ya karanta, ya duba lissafin kamfanin, kafin shekara ta ƙare kamfaninsa na Berkshire Hathaway ya sayi Clayton Homes a kan dala biliyan 1.7. Yau Clayton ke ƙera kusan rabin sababbin gidajen masana'anta a Amurka, kuma manyan kamfanonin da ke ba masu saye bashi guda biyu, 21st Mortgage da Vanderbilt, na Clayton ne.

Shin ko kun san cewa a jihohi da yawa rajistar mota ake yi wa gidan? Dokar 1974 ta ce dole ya kasance a kan shasi na dindindin, don haka ana lissafa shi cikin kayan da ake iya ɗauka, ba cikin ƙasa da gini ba, sai in mai shi yana da fili kuma ya bi matakan sauya takarda. Abin kamar wasa, amma a aljihu yake ƙarewa. Mai gidan gini na samun bashin jingina na shekara 30 da ruwa mai sauƙi. Mai gidan masana'anta sau da yawa bashin kaya yake samu, gajere, mai tsada, wanda in ya kasa biya ƙwace gidan ba ya ɗaukar lokaci. Alƙaluman hukumar kare masu cin bashi ta Amurka na 2019 sun nuna kuɗin ruwan irin wannan bashi ya haura kashi 8 cikin 100, na gidan gini kuwa wajen kashi 4. Cikin masu neman bashin gidan masana'anta, waɗanda suka samu ba su kai kashi 30 cikin 100 ba, alhali na gidan gini sun haura kashi 70.

Shin ko kun san cewa garuruwa da yawa ba sa barin a girke shi a cikinsu? Dokar tarayya ta hana ƙaramar hukuma canza yadda ake ƙera gidan, amma ba ta hana ta cewa ga inda za a ajiye shi ba. Wasu garuruwan sun haramta shi a unguwannin zama, wasu sun ce sai a fili mai girman da talaka ba zai iya saye ba, wasu kuma sun daina ba da izinin buɗe sababbin unguwannin tirela. A 2024 HUD ta sabunta ƙa'idojinta, ta yarda a ƙera mai sassa har huɗu, kowane sashe da iyalinsa, don a samu shiga birane inda fili ke tsada.

Shin ko kun san cewa miliyoyin mutane gidan nasu ne amma ƙasar da yake kai ta wani ce? Akwai unguwannin gidajen tirela kimanin 43,000 a Amurka. A mafi yawansu mai unguwa ne ke da fili da tituna da bututun ruwa, mazauni kuma ya kawo gidansa ko ya sayi wanda ya tarar, yana biyan hayar fuloti duk wata. Gyaran rufi nasa ne, biyan bashin gida nasa ne, amma ba shi da ta cewa ranar da aka ƙara kuɗin haya.

Shin ko kun san cewa gidan da ya zo a kan taya da wuya ya sake motsawa? Mafi yawansu inda aka fara girke su nan suke ƙarewa. Ɗauke shi na cin dala 5,000 zuwa 10,000 ko fiye, tsoho kan iya tsagewa a hanya, kuma unguwanni da yawa ba sa karɓar gidan da ya kwana biyu. Ɗan haya na gari in mai gida ya matsa masa sai ya tattara kayansa ya ƙara gaba. Wannan kuwa babbar kadararsa na girke a filin wanda ya matsa masa. In ya kasa biyan hayar fuloti ana iya korarsa, kuma da yawa kan tafi su bar gidan a nan. Haka in aka sayar da unguwar don gina kantuna ko manyan benaye.

Shin ko kun san cewa manyan masu zuba jari sun daɗe da gano wannan? A da yawancin unguwannin na iyalai ne da ke zaune kusa, sun san kowa da sunansa. Yanzu kamfanoni irin su Equity LifeStyle Properties, wanda marigayi Sam Zell ya jagoranta, da Sun Communities, kowanne na da ɗaruruwan unguwanni, kuma kamfanonin jari masu zaman kansu sun yi ta saye a 'yan shekarun nan. Abin da ke jan su shi ne haya mai shigowa duk wata daga mutanen da ba su da halin tashi, ga kuma ƙarancin sababbin unguwannin da za su yi gogayya da su. A wurare da dama ƙarin haya mai tsanani ya biyo bayan cinikin, har mazauna suka kai kuka majalisun jihohinsu.

Shin ko kun san cewa akwai gidan tirela na miliyoyin daloli? A unguwar Paradise Cove da ke bakin teku a Malibu ta Kalifoniya, taurarin fina-finai da attajirai na sayen su a kan haka, kuma su ma hayar fuloti suke biya. Ba katakon suke saye ba, bakin tekun suke saye. Binciken farashi a Amurka ya nuna abu makamancin haka ga talaka: gidan masana'antar da ke kan filin mai shi darajarsa na hawa kusan daidai da ta gidan gini, wanda ke kan filin haya kuwa ya fi saurin faɗuwa.

Shin ko kun san cewa iyalai 13 ne suka nuna mafita daga matsalar filin haya? A 1984, a garin Meredith na jihar New Hampshire, masu wata 'yar ƙaramar unguwa sun tsufa suna shirin sayarwa, mazauna kuma na fargabar kora. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, sai suka kafa ƙungiyar gama-kai, suka karɓi rance daga wani sabon asusun raya al'umma na jihar wanda sistocin cocin Katolika suka zuba wa kuɗin farko, suka sayi filin da kansu. Kowane iyali gidansa nasa ne, ƙasa kuma ta ƙungiya ce. Kowane gida ƙuri'a ɗaya gare shi, su ke zaɓen shugabanni daga cikinsu, su ke yanke kuɗin wata gwargwadon bashin da za a biya da gyaran titi da famfo. A 2008 aka kafa ƙungiyar ROC USA don yaɗa tsarin a faɗin ƙasar, tana samo wa mazauna rance tana koya musu tafiyar da unguwa. Yau unguwanni fiye da 300 ne a ƙarƙashinta, sama da 100 daga ciki a New Hampshire kaɗai. Jihohi irin su Massachusetts da Kolorado kuma sun yi dokar da ta tilasta wa mai unguwa ya sanar da mazauna kafin ya sayar, ya ba su damar kawo nasu tayin.